Adon Ɗaki da Takarda

Darasi domin ajin manya na ƙasar Taura

Jama'a, darasinmu na yau a kan takarda ne. Kullum muna ganinta a yashe: tsohon littafin yara, kalandar bara, kwalin sabulu, jaridar da aka gama karantawa. Ranar Lahadi da yamma, in kasuwar Gujungu ta watse, ku duba ku ga yawan takarda da kwali da a ke bari a ƙasa. Iska ta kwashe wasu, awaki su ci wasu, a ƙone sauran.

To, wannan abin da a ke zubarwa yana da amfani. Za mu nuna muku yadda a ke mai da shi abin ado da kayan aikin gida. Salla tana zuwa, Mauludi yana zuwa, ga suna, ga sauka, ga jeren amarya. Kowa yana so ɗakinsa ya yi kyau ran taro. Amma kayan adon kanti kuɗi su ke ci, kuɗin da ya kamata a sayi taki ko magani. Har wani ya kan ci bashi saboda adon kwana biyu. Wanda ya iya abin da ke cikin darasin nan ya huta da wannan bashi.

INDA TAKARDA TA FITO

Mutanen ƙasar Sin ne suka fara yin takarda. Tarihinsu ya ce a shekarar 105 ta Miladiyya wani ma'aikacin fada, Tsai Lun, ya kai wa sarki takardar da ya yi da ɓawon itace da tsumma da tsohuwar koma. Daga can sana'ar ta iso Samarƙandu, sa'an nan Bagadaza a zamanin Halifa Haruna Rashid.

Kakanninmu ba su yi takarda ba, saye su ke yi. Fatake ne su ke ɗauko ta a kan raƙuma daga Tarabulus, su ƙetare hamada, su kawo Katsina da Kano. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya kuwa lissafa takarda a cikin hajar da a ke kawowa daga arewa. Mai yawa daga cikinta a Italiya a ke yin ta. In aka ɗaga falle aka duba a rana, sai a ga alamar jinjirin wata guda 3 a jikinsa. A kan irinta ne malamai suka rubuta Alƙur'ani da littattafai da hannu.

Abin da ya sha tafiyar wata da watanni a hamada dole ya yi tsada. Saboda haka mutanen dā ba su wulaƙanta takarda. Yau ta yi araha, amma darajarta tana nan.

KU KARANTA KAFIN KU YANKA

Wannan ita ce doka ta fari, ta kuma fi duk sauran. Kada ku sa almakashi a jikin takarda sai kun karanta abin da ke cikinta. In karatunku bai kai ba tukuna, ku kawo aji a duba muku. Ku kasa takardun gidanku kashi 3.

Kashi na 1: takarda mai aya ko hadisi ko sunan Allah, da ajami ne ko da boko. Kalanda da jarida su kan ɗauki irin wannan rubutu. Ba a yanka ta, ba a shafa mata liƙi. A ajiye ta a bisa, wuri mai tsabta, ko a kai wa malami.

Kashi na 2: takardun shaida. Watau takardar haihuwa, katin rigakafin yaro, katin asibiti, rasit, takardar bashi, takardar kotu, sakamakon jarrabawa, da takardar cinikin gona ko fili. Ga alamunsu: hatimi, sa hannu, dangwalen yatsa, lamba, kwanan wata. Kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku janye hannu.

A ce mutum ya sayi gona, aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Takardar ta tsufa ta yi ja, wani a gidan ya ɗauka shara ce, ya yanka ya yi fure da ita. Bayan shekaru mai sayarwa ya rasu, shaidu suka rasu, magada suka ce aro aka ba shi. Da me zai tsaya gaban alƙali? Furen kwabo ya cinye gona. Ku sa irin waɗannan takardu a gwangwani mai murfi, inda gara da ruwa ba su kai.

Kashi na 3: duk abin da ya rage. Shi ne kayan aikinmu.

KAYAN AIKI

Ba su da yawa: almakashi, zare da allura, fensir, faranti ko murfin kwano na zana da'ira, gashin kaza ko asuwaki da aka tauna bakinsa na shafa launi, da tsumma na goge hannu. Ku shimfiɗa tabarma a inuwa, inda babu iska.

Kada ku tsinci tsohuwar reza ku yi aiki da ita. Ba ku san wanda ta yanka ba, ta kan ɗauki cuta. In za ku miƙa wa wani almakashi, ku riƙe bakin, ku ba shi ƙotar.

YADDA A KE YIN LIƘI

Liƙi iri 2 ne.

Na ƙaro: ku sami ƙaro mai tsabta, irin na jikin dakwara. Ku daka, ku jiƙa awo 1 cikin ruwan ɗumi awo 2, ya kwana. Da safe ku tace da tsumma. Wannan shi ya dace da ƙaramin aiki, kamar ambulan.

Na gari: ku ɗebi fulawa ko sitacin rogo cokali 1, ruwa cokali 5. Ku dama da ruwan sanyi tukuna don kada ya yi gudaji. Sa'an nan ku ɗora a wuta kuna juyawa har ya yi kaurin koko. Ku zuba gishiri kaɗan, ku bari ya huce. Wannan na babban aiki ne. Ku dama na yini ɗaya kawai, gama in ya kwana biyu ya kan yi tsami.

Ku shafa liƙi kaɗan kaɗan. In ya yi yawa takarda ta kan jiƙe ta yamutse.

LAUNI DAGA GIDA DA GONA

Ja: karan dafi, wanda dukawa su ke rina fata da shi. A jiƙa da 'yar kanwa. Zoɓo ma yana ba da ja, amma in ya bushe ya kan juya ya yi duhu.

Rawaya: garin kurkur a ruwan zafi. Kada kanwa ta taɓa shi, sai ya koma ja-ja.

Shuɗi: bula ta wanki, ko shuni.

Kore: a gauraya shuɗi da rawaya.

Baƙi: tawadar allo, ko gawayi da aka niƙa lukui.

Kowane launi ku ɗiga masa ruwan ƙaro, don ya kama takarda. Ku shafa, ku shanya a inuwa, ku danne da littafi ko faranti ta miƙe. Ku sani launin gida ya kan kwaɗe a rana, saboda haka adon cikin ɗaki ne.

Wanda ya ke son zane iri ɗaya ya maimaitu, sai ya raba dankali biyu, ya sassaƙa tauraro ko dagi a fuskarsa, ya tsoma a launi, ya riƙa dangwalawa. Ba sai kun nemi zane daga nesa ba. Ku dubi faifai, da hula, da ƙwaryar da aka yi wa zane, da allon zayyana na mai sauka. Zanenmu na gado ya isa.

AIKI NA 1: SARƘA

Da ita a ke farawa, gama ko yaro ya iya.

1. Ku ɗauki falle irin wanda a ke buga takardun ofis da shi. Tsawonsa ya kusa santimita 30, faɗinsa 21.
2. Ku yanka shi a gicciye, kowane tsiri faɗin yatsa 2. Za ku sami tsiri 9.
3. Ku lanƙwasa tsiri ɗaya, ku liƙe bakinsa biyu, ya zama zobe.
4. Ku zura tsiri na biyu a cikin zoben, sa'an nan ku liƙe shi. Haka za ku yi ta yi.

Falle 2 suna ba da sarƙa wajen mita 1. Bangon da ya kai mita 4 yana cin falle 8. Ku ƙara 2 domin sarƙar ta ɗan sauko ta yi lilo, ya zama 10. In kuna jeranta launi, ja, fari, kore, ja, fari, kore, ta fi kyau.

AIKI NA 2: TUTOCI

1. Ku yanka takarda mai kusurwa 3, tsawon tafin hannu. Ku fara yanka ɗaya a kwali, ku riƙa ɗora shi kuna zanawa, don duka su zo daidai.
2. Ku ja zare mai ƙarfi tsakanin turaku biyu.
3. Ku naɗe saman kowace tuta a kan zaren, faɗin yatsa 1, ku liƙe.
4. Ku bar faɗin yatsa 3 tsakanin tuta da tuta.

Ga inda karatunku zai yi aiki. Ku rubuta baƙi ɗaya a kan kowace tuta, babba, har su haɗa magana. BARKA DA SALLA tana cin tuta 12. SANNU DA ZUWA tana cin 11. Ku bar tuta ɗaya ba rubutu tsakanin kalma da kalma. Ku jera su a ƙasa tukuna, ku karanta daga hagu zuwa dama, kana ku liƙa. Kada ku rubuta sunan Allah a kan tuta, gama ƙarshenta faɗuwa ƙasa.

AIKI NA 3: FURE MAI NINKI

1. Ku ninka bakin falle faɗin yatsa 1. Ku juya shi, ku sake ninkawa. Gaba, baya, gaba, baya, har ya ƙare ya zama kamar sanda.
2. Ku ɗaure tsakiyarsa da zare.
3. Ku karya shi biyu daga wurin ɗaurin, ku liƙe gefen da suka haɗu. In kun buɗe, ya zama rabin da'ira kamar mafici.
4. Ku yi na biyu kamarsa, ku liƙe su baya da baya. Da'ira ta cika.
5. Ku yanka 'yar da'ira mai wani launi ku liƙa a tsakiya, ta rufe zaren.

In kuka yanke bakin sandar ya yi tsini kafin ku buɗe, furen zai fito da haƙora kamar tauraro.

AIKI NA 4: YANKAN ADO

Wannan yana bukatar falle mai gefe 4 daidai. Ga dabara: ku kamo kusurwa ɗaya, ku kwantar da gajeren gefe a kan dogon gefe. Abin da ya yi saura a ƙasa ku yanke.

1. Ku ninka shi biyu. Rufi 2 ke nan.
2. Ku sake ninkawa. Rufi 4.
3. Ku ninka kusurwa zuwa kusurwa. Rufi 8.
4. Ku riƙa cire 'yan ƙananan yanka a gefuna, wani mai tsini, wani mai zagaye.
5. Ku buɗe a hankali.

Duk yankan da kuka yi ya ratsa rufi 8 a lokaci guda, shi ya sa zanen ke fitowa daidai ta kowane gefe. Amma ku lura: kada ku yanke gefen ninki gaba ɗaya. Ku bar wurare a haɗe, in ba haka ba sai ya warwatse a hannunku. Ku liƙa farin yanka a kan takarda mai duhu, zanen ya fito sosai.

Haka a ke yi wa bakin kanta, inda mata su ke jera kwanuka da tasoshi. A sami doguwar takarda, a ninka ta gaba da baya faɗin tafin hannu, a yanka gefen ƙasa kaɗai. In aka buɗe, sai a shimfiɗa a kan kanta, adon ya sauko ta gaba. Ta yi ƙura, a cire a sa sabuwa.

AIKI NA 5: AMBULAN NA IRI

Wannan ba ado ba ne, amma manomi zai fi gode masa.

1. Ku kwantar da falle. Ku ninko gefen hagu ya ɗan wuce tsakiya.
2. Ku ninko gefen dama ya hau kansa, ku liƙe.
3. Ku naɗe gindin faɗin yatsa 2, ku liƙe.
4. In ya bushe ku zuba iri, ku naɗe bakin sau 2.

Irin kuɓewa, yakuwa, riɗi, tumatir, kankana, kowanne da nasa ambulan. Iri ya bushe sarai kafin a zuba. Takarda tana barin laima ta fita, leda kuwa tana riƙe ta, iri ya yi fumfuna. A bayan kowane ambulan ku rubuta abu 3: sunan iri, gonar da ya fito, da shekara. Ga misali: KUƁEWA, FADAMA, 2025. In shuka ta zo, ba sauran cewa wanne ne na bana, wanne ne na bara. Ku tara su a gwangwani ko tulu mai murfi saboda ɓera.

Irin wannan ninki, in aka yi shi da takarda mai kauri, ya zama jakar zuba gyaɗa ko aya ko dabino. Ta fi leda, gama leda tana toshe magudanar ruwa, akuya kuwa in ta ci ta kan taru a cikinta har ta kashe ta. Amma abinci sai farar takarda mai tsabta. Jarida ba ta dace da ƙosai ko tsire mai zafi ba, gama mai yana narkar da tawadarta. Buhun siminti da takardar da ta taɓa taki ko maganin ƙwari, kada su kusanci abin ci ko kaɗan.

AIKI NA 6: ƘWARYAR TAKARDA

Wannan sai mai haƙuri.

1. Ku kife ƙaramar ƙwarya ko kwano, ku shafe bayanta da man gyaɗa kaɗan.
2. Ku yayyaga takarda da hannu, faɗin yatsa 2. Yagaggen baki ya fi yankakke kwanciya.
3. Rufi na fari ku jiƙa da ruwa kawai, ku lulluɓe bayan ƙwaryar.
4. Daga nan ku riƙa shafa liƙin gari kuna ɗorawa. Rufi ɗaya a tsaye, na bisansa a gicciye.
5. Kun yi rufi 3, ku shanya ya bushe. Ku ƙara 3, ku shanya. Ku ƙara 2, su cika 8 ban da na fari.
6. In ta bushe ƙayau, ku zare ƙwaryar, ku daidaita baki da almakashi.
7. Ku yi mata zane, sa'an nan ku shafe da ruwan ƙaro ta yi sheƙi.

Aikin rani ne. Da damina ta kan yi fumfuna kafin ta bushe. Ba a zuba mata ruwa ko abinci mai laima. Ta zare ce da allura da maɓalli. Wanda ya yi gaggawa ya cire da ɗanye, aikinsa ya lotse. Sannu ba ta hana zuwa.

MAƘIYAN TAKARDA

Su 3 ne: wuta, ruwa, ƙwari.

Wuta ce babba. Kada ku rataya ado a bisa fitila, ko kyandir, ko kaskon turare, ko maganin sauro na kunnawa. Kada ku naɗa shi a jikin ƙwan lantarki ko waya. Kada ku sa shi a madafa. Da hunturu, sa'ad da a ke shiga da garwashi ɗaki, kome ya bushe, ga iska. Sarƙar takarda in ta kama, ita ce za ta kai wuta har jinka ko rufi. Tsakanin ado da kowace wuta a bar aƙalla kamu 3, kada kuma ya kasance a samanta. Rigakafi ya fi magani.

Ruwa kuwa, ku duba inda ɗaki ke yoyo kafin ku rataya.

Gara da kyankyaso da ɓera suna son liƙin gari. Saboda haka in biki ya wuce da mako ɗaya ko biyu, ku sauke ado, ku kakkaɓe. Mai kyau ku ninke ku ajiye a kwali, a bisa. Wanda ya lalace ku duba shi, sa'an nan ku ƙone a waje, nesa da danga.

KO ZA A SAMI KWABO?

A kan samu, in aiki ya yi tsabta. Mace tana cikin gidanta za ta iya yi wa maƙwabta adon kanta da tutocin suna. Mai sayar da iri a kasuwar Gujungu ko ta Ringim yana bukatar abin ƙunshi. Amma kada ku tara kaya da yawa tun ba ku ga mai saye ba. Ku yi 10, ku nuna, ku ji abin da mutane su ke so.

Ku riƙe littafi. Shafin hagu abin da kuka kashe, shafin dama abin da kuka samu. Ku debe na hagu daga na dama, abin da ya rage shi ne riba. Wanda ba ya rubutawa ya kan ɗauka yana cin riba, alhali uwar kuɗi ya ke ci.

Ku jawo yara su taya ku. Yaron da ya ƙirga tsiri 9, ya jera launi 3, ya rubuta baƙi a kan tuta, karatu ya ke yi bai sani ba. Amma littafin da ya ke aiki da shi a makaranta ba na yanka ba ne, sai wanda malaminsa ya ce an gama da shi.

TAMBAYOYI

1. Ta wace hanya takarda ta ke zuwa Kano a zamanin dā?
2. Waɗanne takardu ne ba a yankawa? Ku faɗi 5.
3. Da wace alama a ke gane takardar shaida?
4. Fulawa cokali 2, ruwa cokali nawa?
5. In falle 2 suna ba da sarƙa mita 1, falle nawa a ke bukata domin mita 6?
6. An ninka falle sau 3. Rufi nawa ke nan? In aka ƙara ninki ɗaya fa?
7. Don me takarda ta fi leda wajen ajiye iri?
8. Ina da ina ne ba a rataya adon takarda?

AIKIN GIDA

Kowa ya tattara takardun gidansa, ya kasa su kashi 3 kamar yadda muka faɗa. Wadda ta gagare shi karantawa ya zo da ita aji. Sa'an nan kowa ya yi ambulan ɗaya, ya zuba iri, ya rubuta sunan irin da hannunsa. Mako mai zuwa za mu haɗa tutoci mu ƙawata ajinmu, kowane ɗalibi da baƙin da zai rubuta.

Ku kwafi waɗannan kalmomi sau 3 a littafinku: takarda, almakashi, ƙaro, liƙi, ninki, sarƙa, hatimi, shaida.

Allah ya ba da sa'a.